Harsashi Na Biyu

Hamajoɗa bai taɓa riƙe bindiga ba sai da ya haura shekara hamsin. Bafulatanin Machina ne da iyayensa suka zauna gari tun yana ƙarami, ya tashi cikin fataucin shanu, har ya gina gida a Nguru ba nisa da tashar jirgi. Aikinsa ke nan shekara da shekaru: ya bi kasuwannin Machina da Yusufari da ƙauyukan Karasuwa ya sayo shanu, a koro su Nguru, a loda su a tarago su yi kudu. Makaminsa duka sanda ce, sai 'yar wuƙar da yake yankan igiya da ita.

Bayan yaƙin basasa hanya ta lalace. A kakar 1971, da rana tsaka, wasu mutum huɗu da bindigogi suka tare motar da yake ciki tsakanin Jajimaji da Gashuwa. Suka kwantar da fasinja rub da ciki a kan rairayi, suka kwashe abin da za su kwashe. Direban ya ɗan yi gardama, aka harbe shi a gaban kowa. Hamajoɗa ya sha gindin bindiga a haƙarƙari, ya yi wata biyu yana salla a zaune. Ko da ya miƙe ya koma aiki, duk sa'ad da mota ta rage gudu a daji sai gumi ya keto masa.

Mutum na farko da ya gaya wa yana son mallakar bindiga shi ne Hilary. Hilary mutumin Shendam ne, tafinta a kotun Gashuwa. Sun yi maƙwabtaka shekara tara a Nguru kafin a yi masa canjin wurin aiki, kuma har yanzu in Hamajoɗa ya sauka Gashuwa a gidansa yake shan ruwa. Hilary ya saurare shi har ya gama, bai ce kada ya saya ba. Ya dai ce a wannan zamani wanda aka kama da ƙaramar bindiga babu lasin, tsakaninsa da ɗan fashi a idon hukuma ɗan taƙi ne, saboda haka in zai yi, ya bi ta ƙofa. Sannan ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam Hama, shekara goma sha shida ina juya maganar irin waɗannan shari'o'i. Lasin izinin riƙewa ne, ba izinin harbi ba. Muddin mutum ya fuskanto ka da makami, doka tana bayanka. Da ya juya maka ƙeya, ta bar wurinka ta koma wurinsa."

Hamajoɗa ya ce shi ba kowa yake son harbi ba, so yake dai kada a sake kwantar da shi a ƙasa kamar ragon layya. Hilary ya ce ya sani.

Neman lasin ya ci wata goma sha huɗu. An ce ya kawo hoto, ya kawo. An ce takardar hakimi, da ta likita mai shaida cewa hankalinsa ɗaya, da mutum biyu da za su tsaya masa. Takardun suka tafi Maiduguri suka yi wata huɗu, suka dawo saboda a wata an rubuta sunansa a haɗe, a wata kuma a rabe, aka ce sai ya yi rantsuwa cewa duk shi ne. Sau biyu yana cewa ya haƙura. Matarsa Suwaibatu ta ce haƙurin ya fi, domin ita ba ta ga gidan da bindiga ta shiga aka ƙara kwanciyar hankali ba. Amma duk ranar da ya bi ta wurin da aka kashe direban nan sai ya dawo ya sake bin sawun takardun.

Izinin ya fito daidai lokacin da wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa, yake shirin barin Nguru. Yana da ƙananan bindigogi biyu masu rajista, aka yarda ya mayar da ɗaya sunan Hamajoɗa. Da yake bai san komai a kansu ba, sai ya tafi da Kofur Kalli, wani Babarbare tsohon soja da ke gadin sito a tasha.

Kwaran ya shimfiɗa tawul a kan tebur ya jera su. Ɗaya shafal take, baƙa, harsashinta a cikin mariƙi yake shiga, tana ɗaukar takwas. Ɗayar libarba ce mai shida, ta fi tsufa, ta fi nauyi, mariƙinta na katako har ya yi sulɓi. Ran Hamajoɗa ya kwanta da ta farkon, domin za ta shige aljihun 'yar ciki ba wanda ya sani. Kalli ya ɗauki kowacce ya warware ta, ya leƙa bakinta ta hasken taga, ya mayar. Ya tambayi Hamajoɗa inda ya fi bi, ya ce wajen Yusufari. Kalli ya ce to wannan shafal ɗin ba ta son rairayi, ƙwaya kaɗan in ta shige ta sai ta cije, kuma tana da wani ɗan makulli a gefe wanda mai tsoro yakan manta bai buɗe ba. Libarba kuwa ko a cikin buhun gero ta kwana, ka ja kunama za ta tashi.

"Aibinta ke nan kuma, Maigida," in ji Kalli. "Ba ta cijewa. Ba ta ba ka lokacin sake shawara."

Hamajoɗa ya ɗauki libarbar. Ranar Juma'a uku a jere Kalli yana fita da shi bayan gari, wajen wani busasshen kududdufi, yana koya masa harbin gwangwani. A rana ta uku ya sami biyu cikin shida. Kalli ya ce ya isa, wanda zai tare shi ba zai tsaya nesa kamar gwangwani ba.

Shekara guda yana yawo da ita a kube ƙarƙashin riga. Ta goge masa fatar kwiɓi har wurin ya yi kanta. In zai yi alwala a kasuwa sai ya nemi lungu, in an yi sahun salla sai ya tsaya a ƙarshe don kada na kusa ya ji ƙarfe. A gida Suwaibatu ta hana a ajiye ta a ɗakinta, sai ya saya mata adaka da kwaɗo ya sa a zaure. Bai ce tsoron ya tafi ba. Abin da ya canza shi ne yanzu duk baƙon da ya nufo shi sai ya duba hannuwansa kafin fuskarsa.

Shekarun fari ne. Damina biyu ta ƙi, rijiyoyi suka ƙafe, mushen shanu ya cika gefen burtali. Mutanen da ya sani da garke ɗari suka koma zaman bakin kasuwa suna jiran wanda zai ba su aikin kora. A bazarar 1974, wata Talata bayan azahar, yana dawowa a kan doki daga wata kasuwar ƙauye arewa da Karasuwa, sai ya tarar da mutum biyu zaune a bakin wata matacciyar rijiya. Suka yi masa sallama da Fulatanci, suka roƙi ruwa. Ya duba hannuwansu bai ga komai ba. Ya kwance salka ya miƙa.

Babban ya kama linzami. Ƙaramin ya zaro adda daga ƙarƙashin bargon da yake zaune a kai, ya kai masa sara. Hamajoɗa ya tare da hannun hagu, addar ta shiga har ƙashi, ya faɗo daga kan doki. Yana ƙasa ya zaro libarbar ya harba, bai ma san ina ya nufa ba. Harsashin ya tayar da rairayi. Mutanen biyu suka zabura da gudu, ƙaramin riƙe da jakar da ya fizge daga sirdi. Hamajoɗa ya tashi a kan gwiwa ɗaya, ya miƙe hannu yadda Kalli ya koya masa, ya sake ja.

Ƙaramin ya kifa. Babban ya haye tudun rairayi, ba a sake ganinsa ba har yau.

Da Hamajoɗa ya je kan wanda ya kifa sai ya ga saurayi ne da bai wuce ashirin da biyar ba, duk haƙarƙarinsa a waje. Harsashin ya shige shi ta baya, sama da ƙugu. Ya ce sunansa Bobboi, ya sake roƙon ruwa, wannan karon da gaske. Hamajoɗa ya ba shi, ya yage rawaninsa biyu, ya ɗaure shi da rabi ya ɗaure hannunsa da rabi. Ya cicciɓe shi da hannu ɗaya ya ɗora a doki, ya ja linzami har bakin hanya, inda wata motar gyaɗa da ta dawo babu kaya ta kwashe su zuwa asibiti a Nguru. Ana gama ɗinke masa hannu ya tafi caji ofis da ƙafarsa, ya ajiye bindiga da lasin da sauran harsashi huɗu a kan kanta. Bobboi ya cika a rana ta biyu.

Da farko Hamajoɗa ya ɗauka magana ce ta kwana biyu. Ga lasin, ga sara a hannu, ga adda an samo a bakin rijiya. Sufeton da ya ɗauki bayaninsa ma ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi. Sai da takardar likita ta iso, mai cewa harsashi ta baya ya shiga, sannan sufeton ya ce masa ya yi haƙuri, abin ya fi ƙarfin teburinsa. Ya yi mako uku a tsare kafin a ba da belinsa. Kuma da yake rijiyar a ɓangaren Gashuwa take, can aka mayar da shari'ar.

Daga nan rayuwarsa ta koma hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Yakan fita da sassafe, mota ta kafe a rairayi a sauka a tura, ya isa kotu ya zauna a benci har azahar, a kira sunansa a ce an ɗage. Yau majistare bai iso ba. Gobe an yi wa likitan canji zuwa wani gari, sai an aika masa sammaci. Wata rana lauyansa ne ruwa ya tare a hanya. Da majistare ya gama nasa binciken sai ya ce maganar rai ce, ta babbar kotu ce, a jira alƙali ya zo zagaye. Cikin sharuɗɗan beli akwai sa hannu a caji ofis kowace Litinin, don haka kasuwannin nesa suka gagare shi. Abokan cinikinsa na kudu suka jira, suka gaji, suka kama wasu.

A kowane zama akwai wata tsohuwa da yake tararwa a gindin darbejiyar da ke gaban kotu, da 'yar ƙwarya a gefenta. Sai a zama na huɗu masinjan kotu ya gaya masa Nagoggo ce, mahaifiyar Bobboi. Shanunsu arba'in da 'yan kai fari ya cinye, ɗan nan shi kaɗai ya rage mata namiji. Ba ta shiga ciki, ba ta yi wa kowa magana. Ya yi wata uku yana kewaye bishiyar. Wata rana ya gaji da kewayen, ya je ya durƙusa nesa kaɗan ya gaishe ta da Fulatanci. Ta amsa gaisuwar tun daga farko har ƙarshe, ta tambayi iyali, ta tambayi hannun. Sannan ta ce ita ba ta zo neman a ɗaure kowa ba, ta san abin da ɗanta ya je yi. An kawo mata labarin mutuwarsa ne kawai, ba wanda ya gaya mata yadda ya faɗi, shi take jira ta ji. Hamajoɗa ya buɗe baki, sai ya ji an kira lambar ƙararsa. Da ya fito an ɗage, ta riga ta tafi.

Lauyansa wani matashi ne daga Kano mai suna Lanre, mai ƙoƙari, mai yawan duba agogo. Kwana ɗaya kafin zaman babbar kotu, a ƙarshen 1975, ya zaunar da shi ya bayyana masa inda aka tsaya. Ba wanda ya ga abin sai shi, domin ɗayan mutumin ya ɓace. Takardar likita ta ce ta baya, amma ba ta ce daga nisa kaza ba. Mutum yana iya juyawa cikin kokawa harsashi ya same shi a baya. Lanre ya ce ba ƙarya yake so ya yi ba. In an tambaye shi tazara, ya ce jini yana zuba, ido ya rufe, harbi biyun a haɗe suka fita, bai tuna ba. Hamajoɗa ya ce to.

Da safe ya ga Hilary ne zai yi tafinta. Hilary ya roƙi a ɗauke masa wannan shari'ar saboda sanayya, amma abokin aikinsa yana kwance ba lafiya, alƙali kuma kwana uku kawai zai yi a garin. Aka ce ya yi rantsuwa ya yi aikinsa. Bai dubi Hamajoɗa ba lokacin da ya tsaya kusa da akwatin shaida.

Tun ƙarfe tara Hamajoɗa yake tsaye. Aka nuna masa libarbar da takarda ɗaure a kunamarta, ya ce ita ce. Aka nuna addar, ya ce ita ce. Aka sa ya naɗe hannun riga alƙali ya ga tabon. Wajen ƙarfe ɗaya hannun ya fara zugi. Ranar ce kuma masinja ya tausaya wa Nagoggo saboda rana, ya shigo da ita ya zaunar a bencin baya.

Mai gabatar da ƙara ya yi tambayarsa da Turanci, Hilary ya juya ta zuwa Hausa: lokacin harbi na biyu, ina mamacin yake, kuma ina ya fuskanta?

Hamajoɗa ya san amsar da aka shirya. Ya maimaita ta a mota tun daga Nguru. Amma shekara ɗaya da rabi ke nan yana ɗauke da maganar nan daga wannan benci zuwa wancan, kuma ya ji ba shi da sauran ƙarfin da zai ƙara mata wani abu a kai.

"Ya riga ya juya," ya ce. "Gudu yake. Ya yi taki goma sha biyu, ko fiye."

Hilary bai juya maganar zuwa Turanci ba. Ya ɗan sunkuyo, ya rage murya.

"Malam Hama, ka ji tambayar da kyau? In sake maimaitawa?"

"Na ji, Tafinta. Faɗa masa yadda na faɗa."

Hilary ya faɗa da Turanci, kalma bayan kalma, yana kallon bango. Lanre ya ajiye alƙalaminsa. Alƙalin da kansa ya tambaya, to me ya sa ya harba, tunda mutumin ya ba da baya? Saboda jakar ne? Hamajoɗa ya ce a lokacin bai ma lura da jakar ba. Ya ce jininsa yana zuba, ransa ya ɓaci, an taɓa kwantar da shi a ƙasa sau ɗaya, kuma abin yana hannunsa. Ya ce iyakar abin da ya sani ke nan. Daga nan, ba tare da an tambaye shi ba, ya faɗi yadda saurayin ya kifa, da sunan da ya faɗa, da ruwan da ya sha, da cewa a mota bai yi ta kuka ba, kalmar shahada yake yi. Wannan ɓangaren da Fulatanci ya faɗe shi. Hilary ya ce wa kotu ba ya jin harshen sosai, alƙali ya ce a bar shi, ba ya cikin abin da ake nema.

Washegari aka yanke hukunci. Alƙali ya ce harbi na farko kare kai ne, babu laifi a cikinsa. Na biyu ya wuce iyakar da doka ta ba mutum. Ya ce ya duba saran, ya duba cewa wanda ake tuhuma shi ya kai mamacin asibiti, shi ya kai kansa ga hukuma, kuma bai ɓoye wa kotu komai ba, don haka ba zai ɗauke shi a matsayin mai kisan ganganci ba. Shekara uku. Hilary ne ya juya masa wannan ma. Da gandiroba ya fito da shi ya duba gindin darbejiya, babu kowa.

Shekara biyu ya yi, aka yafe masa ɗaya. A ciki aka sa shi kula da awakin gidan yari saboda hannunsa ba ya iya noma. Suwaibatu takan zo duk wata biyu da dakakken gero da yaji, ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba, shi kuma ya san tana da ikon faɗa. Hilary ya zo sau uku. Zuwansa na ƙarshe sallama ce, domin an raba jihohi, an mayar da shi gida. Ya zauna ya yi ta juya hularsa, daga bisani ya ce da ya so, da ya iya sassauta kalma ɗaya a ranar nan, ba wanda zai gane. Hamajoɗa ya ce da ya yi haka da sai ya sake faɗa da ƙarfi, su ji kunya su biyu. Ya tambaye shi labarin Nagoggo. Hilary ya ce an ce ta bi wasu danginta sun yi arewa, wajen iyaka, ba wanda ya tabbatar.

Hamajoɗa ya fito a ƙarshen 1977. Fataucin ya riga ya koma hannun wasu, manyan motoci sun fara ɗauke wa jirgi shanu, yawancin waɗanda ya sani a tasha sun watse. Kofur Kalli ya rasu lokacin da Hamajoɗa yake tsare. Ya kama dillanci a kasuwar shanu ta Nguru, inda ba sai ya yi tafiya ba, yana zama a inuwa yana sasanta mai saye da mai sayarwa. Hannun hagun bai sake miƙewa sosai ba.

Bayan wata biyar takarda ta zo daga Gashuwa, wai ya je ya sa hannu cewa ya sallama wa hukuma bindigar, a rufe fayil. Ya je, mai riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya ya tafi hutu. Ya koma bayan mako biyu, aka ce fom ɗin ya ƙare, ana jiran wani daga Maiduguri. A zuwa na uku wani ɗan sanda da bai san shi ba ya ɗauko fayil ɗin, ya karkaɗe shi, ya nuna masa wuri uku. Ya dangwala yatsa. Ɗan sandan ya tambaye shi ko yana son ya ga bindigar kafin a tafi da ita, ya ce a'a, yana sauri ne kada motar Nguru ta cika.

Ya iso gida gab da magariba. Suwaibatu tana tankaɗe a tsakar gida, ta tambaye shi ko an gama. Ya ce sun ce an gama. Ta kawo masa ruwa a buta, ya zauna a bakin ƙofa yana goge shuɗin tawadar daga babban yatsansa, bai fita duka ba, ya bar shi haka ya yi alwala.